Fim ɗin Daminar da Ka Zauna a Gida

Zuwa ga Maigidana, mai hoto, mai ƙafar yawo. Inuwata ta tsakar rana, ruwan farko da ke sauka a kan kwanon ɗakina bayan dogon zafi, iskar nan mai sanyi da ke rigan hadari isowa, baban 'ya'yana, abokin tsufana da ya bar ni ina tsufan ni kaɗai. Ina gaishe ka irin gaisuwar da busasshiyar ƙasa ke yi wa gajimare. Ina gaishe ka da hannu biyu, da idanun nan da suka gaji da kallon ƙofa. Yaya gwiwar? Yaya kunnen? Kana cin abinci da zafinsa, ko har yanzu sai ka tsaya ɗaukar hoton mai dafawa ya huce?

In ka ga rubutu mai kyau kada ka ce na shiga makaranta a bayanka. Tela ce, maƙwabciyarmu, ta ture keken ɗinki ta ɗauki biro. Na ce mata duk abin da ya fito daga bakina ta sa shi yadda ya fito, kada ta rage masa tsawo, kada ta yi masa aiki a wuya, ba riga ba ce. Ga ta nan tana ƙyalƙyala dariya, wai da furfurata nake kiran tsoho ruwan sama. Yi dariyarki, 'yar nan, ki dai rubuta. Ta ce in gaishe ka, in kuma gaya maka wandon da ka bar mata ta rage wa ƙugu ya gaji da rataya a ƙusa.

Waya ba ta shiga inda kake, ko ta shiga ma kunnenka ba ya kama muryata, sai ka yi ta "iye? iye?" har layin ya yanke. Shi ya sa na koma takarda. Direban da ke kai muku kayan abinci ya yi min alkawari zai damƙa maka ita hannu da hannu. Shi ne ya ba ni labari har yanzu kana bin ƙauyukan nan da ruwa zai shanye in an gama gina madatsar ruwa, kana ɗaukar kowane gida, kowace rijiya, kowace bishiya, kafin su nutse. Ya ce tsofaffin wurin har jan rigarka suke yi, kowa na so ka ɗauki ƙofar ɗakin da aka haife shi. Allah ya ba ka lada. Amma Maigida, akwai wani gida a nan da ruwa ya fara ci, shi ba a sa masa rana ba, kuma ba wanda ya zo ɗaukarsa.

Ka tuna kafin ka tafi, da nake ajiye makulli in yi ta nema, kai kuma ka tsinto shi a cikin tukunya, ka ce Sarkin tsoro ta samu ƙarin sarauta, ta zama Sarkin mantuwa? Mun yi dariya. To abin ya wuce makulli. 'Yarmu Auta ta kai ni asibiti. Likita ya faɗa min wasu abubuwa ya ce in riƙe, ya ɗan ja ni da hira, ya ce in maido masa, sai na tarar hannuna wayam. Ya juya ya yi wa Auta magana ƙasa-ƙasa kamar ba na ɗakin. Abin da na tsinta dai shi ne, kaina ya zama kwando, ramukan kuma ƙaruwa za su yi ta yi, ba a ɗinke su. Auta ta yi kuka a mota tana cewa wani abu ne ya faɗa mata ido. Ni ban yi ba. Na ce a raina, me na tara a kan nan da zan yi wa kuka? Sunayen tituna? Su tafi, dama ba fita nake yi ba.

Sai ran nan da hantsi, ina shanya a tsakar gida, na ce bari in tuno fuskar Maigida. Haka kawai, yadda mutum ke dafa aljihu ya ji ko abinsa na nan. Na ga hularka. Na ga jakar nan mai igiya da ta cinye maka kafaɗa ɗaya. Na ga yatsunka da maganin wanke hoto ya rina. Tsakanin hula da wuyan riga, babu komai. Fari fat, kamar takardar da ka tsoma a ruwan magani ka yi ta kaɗawa hoton ya ƙi fitowa. Na rufe ido, na buɗe, na sake rufewa. Zanin da ke hannuna ya faɗi a ƙasa, ni ma na bi shi.

Hasken idona, ka san irin wannan tsoron? Ni da kake wa dariya ina tsoron tsawa, ina tsoron tsani, ina tsoron tsallaka titi, ashe duk wancan wasa ne.

Na ce ai abu mai sauƙi ne, matar mai hoto ce ni, hoto ya fi ƙarfin bango a gidan nan. Na fara daga falo na bi har ɗakin baya. Na sauke akwatunan da ke kan kabad, na zazzage su a tabarma. Ga masunta da ragarsu. Ga mata a kan gada da kaya a ka. Ga tsohuwar nan mai sayar da gishiri da ka ce ta zage ka kafin ta yarda. Ga amaren mutane, ga jariran mutane, ga dutse, ga jirgin ƙasa, ga kogin da ban san sunansa ba. Duniya kaf ka kwaso ka zuba min a ɗaki, kai kaɗai ne ba ka ciki. Hoton auren Auta ma, ga ni, ga surukai, ga wani ɗan fili a gefena da aka bar maka, kai kana can gaba kana cewa a matso. Auta ta binciki wayarta kaf. A ɗaya ka juya baya, a ɗaya ka tare da tafin hannu, a sauran duk kyamara ce a inda fuska ya kamata ta zauna.

Abin da na samu naka inuwa ce. Kai da kullum kake cewa a sa rana a baya, to ga inuwarka nan a ƙasan hotuna da yawa, doguwa, gwiwar hannu a buɗe kamar tsuntsun da ke shanya fiffike. Na yi ta shafa ta da yatsa. Inuwa ba ta da hanci, Maigida. Ba ta da ido.

Kuma tun daga ranar mutanen bangon nan suka canza min. Dare ba ya damuna, duhu yana rufe musu ido in samu in kwanta. La'asar ce abin tsoro, lokacin da rana ke shigowa ta tagar falo ta bi bango tana kunna su ɗaya bayan ɗaya. Dukansu wuri ɗaya suke kallo, wurin da ka tsaya. In na tsaya a tsakiyar ɗakin sai in ga ni suke kallo, wasu suna murmushi, wasu sun ɗaure fuska, mai gishirin nan bakinta a buɗe kamar za ta yi magana. Su sun san fuskarka. Tana nan a cikin idonsu, sun riƙe ta, ba sa mantawa. Ni da na haifa maka 'ya'ya ina tsaye a gabansu kamar mai roƙo. Har na taɓa matsawa kusa da idon wani masunci, na ce ko zan hango ka ɗan ƙarami a ciki. Tela ta shigo ta same ni hancina a jikin gilas, ta ce, "Iya, in miji kike nema a bango, ki zaɓi mai jirgin ruwan can, ya fi ƙiba." Na yi dariya don kada ta gane.

Sau nawa na tambaye ka, me ke can da babu a nan? Sai ka ce ido in ya saba da abu daina ganinsa yake yi, sai ka je inda ba ka san kowa ba idonka ke buɗewa. In ce to ni ma ka daina ganina ke nan. Ka ja min ɗankwali ka ce, "Ke ai gida ce, gida ba ya gudu." Ka saɓi jakarka. Ban taɓa tare maka ƙofa ba, ka shaida. Na san in aka hana ka tafiya bushewa za ka yi kamar shukar da aka kife wa tukunya.

Damina ɗaya tak na same ka, daminar da ka faɗi a babur ƙafarka ta karye. Allah ya yafe min, na yi godiya a ɓoye. Ka tuna? Kwanakin farko kamar zaki a keji, komai haushi yake ba ka, har ƙarar cokali. Sai wata rana aka yi ruwa ya ɗauke, ka ce in miƙo maka kyamara. Ka dinga jan ƙafa da sanda kana bin tsakar gida, kana ɗaukar ɗigon da ke faɗowa daga indararo cikin bokiti, kana ɗaukar tsagar bango, kana ɗaukar ƙadangare, kana ɗaukar takalman yara a bakin ƙofa. Na ce wannan karayar har kai ta taɓa. Ni kuwa duk sanda ka juyo da abin nan wajena sai in rufe fuska da zani in gudu kicin, don ba na son idon nan guda ɗaya da ba ya ƙiftawa.

Ranar da ba na so kwandon nan ya zubar ita ce ranar da ka zauna a bakin baranda, ƙafar a miƙe a kan kujera, rana ta fito bayan ruwa, komai yana walƙiya kamar an wanke duniya an shanya. Ka ce, "Sarkin tsoro, zo ki riƙe, ba ya cizo." Ka rataya min igiyar a wuya, ka ɗora yatsana a kan maɓallin, ka ce in ɗauke numfashi. Na leƙa ta ɗan ramin. Sai ga ka a ciki, kai kaɗai, an yanke duniya duka an bar min kai, ƙarami kamar in saka ka a bakin zani in ƙulle. Kana dariya, na danna. Ƙarar nan har yanzu tana kunnena. Abin da na gani a ramin ne ya tafi.

Ƙafa ta warke, aka aiko kiranka, ka zuba fim ɗin daminar duka a gwangwanin madara ka ɗora a saman kantar ɗakin duhunka na wanke hoto, ka ce za ka wanke in ka dawo. Ka dawo da na wasu, ka wanke na wasu. Yaran da ka ɗauki takalmansu sun haifi nasu yaran, gwangwanin yana nan. Ban taɓa buɗewa ba, don ka gaya min haske kashe shi yake yi.

Tela ta ce hannunta ya gaji, ga kayan makarantar 'ya'yan mutane suna jiranta. Za mu ci gaba.

Maigida, hannun ya canza, mai kemis ne na bakin layi yake rubuta min yau, a kan teburinsa, tsakanin masu sayen magani. In ka kasa karanta rubutunsa ka nemi wani mai kemis ya karanta maka. Akwai kalmomin da bakina ba zai iya faɗa a gabansa ba, sa'an ɗan cikina ne, don haka duk inda ka ga na ce Maigida, ka ƙara sauran da kanka, ka san su. Ya ce in gaya maka ina shan ƙwayoyin a kan lokaci. Shi yake aiko min da su kullum a ƙulle, don ran nan na sha na safe, na manta, na sake sha.

Shi na zaɓa ya rubuta wannan don a gabansa aka yi, in na karkace ya miƙe ni.

Shekaranjiya da azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na leƙa ta kafar ƙyaure, na ga mutum da hula, da jaka mai igiya a kafaɗa, yana ɗaga wani ɗan abu daidai idonsa. Na zare sakata, na kama hannun rigarsa, na ce sannu da zuwa, ka rame. Na karɓi jakar. Na ja shi har falo na zaunar da shi a kujerarka, na kawo masa ruwa a kofinka. Bawan Allah yana ta cewa, "Mama, Mama, mita na zo dubawa," ni kuwa ina jin haushi wai yau ni kake kira Mama. Mai kemis ya hango daga shago ya biyo mu. Ya durƙusa a gabana ya ce, "Iya, wannan ma'aikacin wuta ne, ko sa'an Auta bai kai ba." Sai na duba da kyau. Saurayi ne, ko gemu bai cika ba, duk ya tsure.

Na zaunar da wani a kujerarka. Na riƙe rigar wani. Na wanke kofin nan har hannuna ya yi fari, bai daina zama kofin da wani ya sha ba. Mai kemis ya ce in bar maganar, ciwo ne, ba laifi ba ne. Shi yaro ne, bai san abin da mace ke tsarewa tsawon rai ba. Tun ranar na ɗaure sakata da tsumma, na yi rantsuwa ba namijin da zai sake tsallako ƙofar nan sai ka dawo.

Labarin ya kai kunnen Auta. Ta zo da mijinta, suka zauna a gabana da irin muryar da ake yi wa yaro, suka ce da zarar damina ta ɗauke za su tafi da ni gidansu, a rufe nan. Ban ga laifinta ba, 'yar albarka ce. Amma gidan nata a saman bene yake, bango fari, ƙasa santsi, komai sabo, ba abin da ya san ka a can. A nan kuwa gidan yana taya ni tunawa. Ramin da ka yi a katifa yana nan. Baƙin da ƙeyarka ta yi a bango wurin da kake jingina yana nan. In na buɗe ɗakin duhu, warin maganin nan mai tsami ya bugi hancina, sai in ji kamar yanzu za ka ce in rufe ƙofa haske na shigowa. In aka ɗauke ni daga nan, wa zai taya ni? Hadari kuma ya fara yin nisa, Maigida, kwana biyu sai iska kawai yake kawowa.

To ga abin da na yi, gara ka ji daga bakina. Mai kemis ya ce a garin da yake sayo magani akwai wani tsoho da har yanzu yake wanke fim irin na da. Na san ka ce ba hannun da zai taɓa fim ɗinka sai naka. Na hau kujera, ni da nake tsoron tsani, na sauko da gwangwanin. Na naɗe shi da baƙin zani, na ƙara wani, na ƙara wani, har ya zama kamar jariri, na sa mai kemis ya rantse ba zai bari rana ta gan shi ba. Gobe zai tafi da shi. In za ka yi fushi ka yi, amma ka zo ka yi shi a gabana.

Rabin raina, sanyin idona, tauraron da nake duba gabas da shi, na dawo hannun Tela, yanzu bakina ya samu sakewa. Direbanku ya zo ya koma ban ba shi takardar ba, na ce sai hotunan sun iso. Jiya suka iso, a cikin ambulan mai kauri. Tsohon ya aiko da saƙo wai wasu sun mutu a gwangwani, shekaru sun cinye su, waɗanda suka fito kuma sun fito dishi-dishi, kamar ana kallonsu ta bayan labulen ruwan sama. Muka shimfiɗa su a kan teburin da Tela ke yankan yadi.

Ga bokitin. Ga ƙadangaren. Ga takalman yara. Sai kuma wata mata.

Mata a bakin famfo ta juya baya. Matar tana tsintar shinkafa, kanta a sunkuye. Matar tana kallon sama, hannu a goshi, tana duba ko za ta kwashe shanya. Matar ta yi gyangyaɗi a jikin ƙofa da allura a hannu. Wuyanta kaɗai. Diddigenta kaɗai, a cikin ruwa. Ita, ita, ita, ta fi rabin ambulan. Na ce wa Tela, wace ce wannan take yawo a gidana kamar nata? Tela ta ajiye almakashi, ta kalle ni. Sannan ta kamo hannuna ta ɗora kusa da na matar, ta ce, "Iya, dubi tabon ƙunar nan, ki dubi naki."

Ashe ni ce. Ashe haka nake! Ban taɓa ganin bayana ba, ban taɓa ganin yadda nake in ba na tsoro ba. Kai da na yi ta guje wa, yaushe ka ɗauke ni haka? Da sandarka, da ƙafarka mai nauyi, ta ina ka laɓaɓo ban ji ba? Kai da ka ce ido in ya saba daina gani yake yi, wane ido ne ya tsaya ya kalli diddigen matarsa haka, kamar bai taɓa ganin diddige ba? Me ya hana ka wankewa? Mantawa ka yi? Ko tsoro ka ji, in ka gan su ƙafarka ba za ta sake ɗaukarka ba? Na yi ta juya tambayar nan kamar ƙwallon mangwaro a baki, ban samu amsa ba. Kai kaɗai ke da ita, kuma ina so in ji ta tun ina iya gane abin da ake gaya min.

Na ƙarshe a ambulan ɗin naka ne. A karkace yake, na yanke maka saman hula, rabin hoton duk kujera ce da ƙafa mai bandeji. Amma ga ka. Ga hancin. Ga wushiryar. Ga idanun nan da suke ƙanƙancewa in kana dariya, ga hannunka ka miƙo kana cewa in riƙe da kyau. Ban tambayi kowa ba, nan take na gane ka, na rungume takardar na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Tela ma ta taya ni, tana share hanci da ƙyallen mutane.

Na zaci na warke. Ka saurara da kyau, da kunnen nan mai ji, don nan ne abin yake.

Yau da safe na rufe ido na ce bari in tuno Maigida. Ya zo, tsaf, ba ko jinkiri. Amma na hoton ne ya zo. Gashi baƙi, wuya a miƙe, haƙora cike da baki. Ya shiga farin filin nan tsakanin hula da riga ya zauna daram, ya cika shi, bai bar wa kowa wuri ba. Na ce a'a, tsohon nake nema, wanda ya fita daga gidan nan kafin saukar ruwa. Babu shi. Na tambayi Tela, yaya yake yanzu? Ta ce gemunka fari ne sol, haƙoran gefe ɗaya sun zube, ka ɗan ranƙwafa, kana tafiya kana jan ƙafar hagu. Ina jinta kamar tana ba ni labarin mijin wata. Da ban da komai, ina jiran kowa. Yanzu ina da fuska, kuma mai ita ba zai taɓa ƙwanƙwasa ƙofar nan ba.

To wa zan buɗe wa?

Ka zo, Maigida. Ka zo tun akwai sauran ruwa a sama, tun ban hau benen Auta ba, tun ramin katifarka bai ciko ba. Ƙauyukan nan suna da masu kuka a kansu da yawa, akwai samarin da kuke tare, ka ba su kyamara ɗaya su ƙarasa. Ni kai kaɗai gare ni. Ban taɓa cewa ka dawo ba, ko da na haihu ba ka nan, ko da aka binne mahaifiyata ba ka nan. Yau na ce. Ka dawo ka zauna a inda zan dinga ganinka safe da yamma, in ta kallon tsohon nan har ya ture saurayin ya karɓi wurinsa, in kwandon ya zubar da kai da safe in sake ɗiba da rana. Ka taɓa samun abin ɗauka a tsakar gidan nan da ƙafa ɗaya, za ka samu da biyu. Tsagar bangon ta ƙara tsawo. Matar ma tana nan, ta daina gudu kicin, gwiwa ba ta bari.

In kuma ka iso ka tarar ka makara, ga abin da nake roƙo, Tela ki rubuta wannan da manyan baƙi. Kada ka ce min kai ne mijina. Zan tsorata, zan yi ihu, zan tara maka mutane, kuma abin zai yi maka ciwon da ba zai warke ba. Ka yi min yadda ka ce kana yi in ka shiga garin da ba a san ka ba. Ka ce ba ka fito da kyamara, ba ka tambayar kowa komai, sai ka nemi gindin bango ka zauna, ka gaishe da mai wucewa, gobe ka dawo ka zauna a wurin, jibi ma haka, har karnuka su daina haushi, har wata tsohuwa ta gaji ta aiko maka da ruwa. Ka yi wa duniya wannan haƙurin, ka yi min ko rabinsa. Akwai dakali a ƙofar gidanmu, inuwa tana kai masa bayan azahar.

Zan leƙo ta kafar ƙyaure in tambaye ka wa kake nema. Zan ce maka maigidan ba ya nan, ya yi tafiya, kuma ba na buɗe wa namiji in ba ya nan. Wataƙila in faɗa da kaushi. Kada ranka ya ɓaci, kada ka saɓi jakarka. Sunana zai iya fita daga kaina, sunayen 'ya'yana su bi shi, amma cewa ni matar wani ce kuma jiransa nake, wannan ba a kai yake zaune ba, likita ma bai san inda yake ba. Da shi zan kwana, da shi zan tashi, da shi za a ɗauke ni.

Tela ta shafa min tawadar biro a babban yatsa, ga shi na dangwala a ƙasa, ka riƙe a madadin hannuna. Ni ce taka, jiya da yau da ranar da ba zan san ranar mece ce ba, Sarkin tsoronka. In ka ji na ƙara ɗaure sakata kana tsaye a waje, ka sani kai nake tsare wa gidan. Ka zauna a dakalin, ka dawo gobe.